Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Sassan Kimiyyar Ƙasa, Muhalli Da Duniyoyin Sama A Jami'o'in Amurka Da Turai

Ya ku shugabanni da membobin kwamitocin ɗaukar ɗalibai masu girma,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni malami ne mai koyar da ilimin duwatsu da na ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma cikin ayyukan da ke faɗo mini a ƙarshen kowace shekara akwai rubuta takardun shaida ga tsofaffin ɗalibaina da ke neman gurbin digiri na biyu ko na uku a sassanku. Wannan aiki ya sa na san hanyar da takardunsu ke bi da wuraren da suke maƙalewa, shi ya sa na ga ya fi dacewa in yi muku magana a bainar jama'a. Maganata guda ɗaya ce. Fanninku ya fi yawancin fannonin kimiyya dogaro da ƙasashen wasu mutane, amma tsarin da kuke ɗaukar ɗalibai da shi yana tankaɗe 'ya'yan waɗannan ƙasashe tun kafin a duba abin da suka iya, kuma kaso mai yawa na wannan tankaɗe a hannunku yake, ko da yake an saba jingina shi duka ga gwamnatoci da ofisoshin jakadanci.

Masanin lissafi yana iya yin aikinsa a duk inda ya samu allo da alli, amma masanin ƙasa dole ya je inda dutsen yake. Ƙurar da iska ke kwasa daga Sahara, har da ta kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana tsallake Tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon, kuma ƙiyasin da aka yi a 2015 da bayanan tauraron ɗan'adam na CALIPSO ya nuna tana kai wa dajin kimanin tan 22,000 na sinadarin fosfaros a kowace shekara. A Oklo ta ƙasar Gabon aka gano a 1972 cewa ma'adinin yuraniyam ya taɓa kama aiki da kansa a ƙarƙashin ƙasa, irin aikin tukunyar makamashin nukiliya, kimanin shekara biliyan biyu da suka wuce. Tafkin Bosumtwi na Ghana, wanda faɗowar wani dutse daga sama ta haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, an yi masa haƙar bincike ta ƙasa da ƙasa a 2004. A kan irin waɗannan wurare aka gina kundayen digiri da sunaye masu yawa a sassanku. Amma wani nazari da aka buga a mujallar Earth-Science Reviews a 2020 ya gano cewa kashi 3.9 cikin ɗari kacal na maƙalolin manyan mujallun kimiyyar ƙasa ne ke magana a kan Afirka, kuma a cikin waɗannan ƴan kaɗan ɗin ma kimanin kashi 30 ne kawai ke ɗauke da sunan marubuci daga nahiyar. A ɓangaren burbushin halittun da, wani nazarin na 2022 ya nuna kashi 97 cikin ɗari na bayanan da ke babban rumbun fannin sun fito ne daga masu binciken da ke zaune a ƙasashe masu arziki ko masu matsakaicin arziki na sama. Waɗannan alƙaluma daga abokan aikinku suka fito, a mujallunku aka buga su, don haka ba na jin akwai buƙatar in tsaya kare su.

Bari in tuna muku da wani abu da ya faru wanda ke nuna yadda aikin ke kasancewa idan an yi shi da masu ƙasa. Ranar 6 ga Oktoba 2008 wata cibiyar duba sararin samaniya a jihar Arizona ta hango wani ƙaramin dutse mai faɗin kimanin mita huɗu yana dosowa duniya, aka sa masa suna 2008 TC3, kuma kafin cikar kwana guda ya tarwatse a sararin hamadar Nubiya da ke arewacin Sudan. Wannan ne karo na farko da aka ga irin wannan dutse tun yana sama, aka lissafa inda zai faɗo, kuma ya faɗo a can. Mutane da yawa sun ɗauka ya zama ƙura, babu abin da ya kai ƙasa. A watan Disamba na shekarar, Muawia Shaddad na Jami'ar Khartoum da masanin taurari Peter Jenniskens suka kwashi ɗalibai da ma'aikatan jami'ar zuwa kusa da tasha ta shida a layin dogon da ya ratsa hamadar, suka jera su kafaɗa da kafaɗa a layi mai tsawo, kowa ya sunkuyar da kai yana takawa a hankali a kan tsakuwa, yana neman baƙin gutsure wanda wuta ta ƙona bayansa a cikin dubban duwatsu masu kama da shi. Ɗaliban suka fara tsinta, kuma a ƙarshe an tara gutsattsari kusan 600. Maƙalar da ta fito a mujallar Nature a 2009 ta ɗauki sunayen masu binciken Khartoum, kuma daga waɗannan gutsattsari ne daga baya aka samu ƙananan lu'ulu'u waɗanda wasu masana suka kafa hujja da su cewa akwai wata duniya da ta taɓa samuwa a farkon tarihin rana sannan ta wargaje. Tambayar da nake so ku yi wa kanku ita ce, da ɗaya daga cikin ɗaliban da suka tsaya a wancan layi ya aiko muku da takardar neman gurbi a shekarar da ta biyo, shin takardarsa za ta kai teburin malamin da zai gane darajar abin da ya yi?

Lamarin ya wuce na adalci kaɗai, domin ƙarancin ƙwararru a waɗannan ƙasashe yana cin rayuka. Daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos a Kamaru ya yi aman iskar kabon da ta taru a ƙasansa, ta kashe mutum 1,746 a ƙauyukan da ke kwarin, kuma sai a 2001 aka kafa bututun farko na zuƙe iskar a hankali. Dutsen Nyiragongo da ke gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ya yi aman wuta a 2002 da kuma watan Mayun 2021, kuma rahotanni sun nuna cibiyar sa ido da ke Goma ta shafe watanni kafin aman na biyu tana fama da rashin kuɗin intanet da na man mota. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa yawan tashoshin auna yanayi a Afirka bai wuce kashi ɗaya bisa takwas na mafi ƙarancin abin da ta ba da shawara ba, wanda ke nufin hasashen da kwamfutocinku ke yi game da damina a yankin ma a kan ƙasa mai rami yake tsaye. Ƙwararren da zai zauna a gindin dutsen shekara talatin yana karanta na'ura ba baƙo ne mai zuwa na mako uku ba, kuma a wajenku ne galibi ake samun horon da ke fitar da irinsa.

To, ga inda tankaɗen ke farawa. Kuɗin cike takardar neman gurbi a jami'o'in Amurka yakan kai dala 100 ko ya haura a wasu wurare, kuma ana shawartar ɗalibi ya nemi jami'o'i da yawa. Yafe wannan kuɗi, inda ake yi, sau da yawa an keɓe shi ga 'yan ƙasa da masu takardar zama ta dindindin, wato an rufe shi ga wanda ya fi buƙata. Sai jarrabawar Ingilishi ta TOEFL ko IELTS, wadda sakamakonta ke mutuwa bayan shekara biyu, kuma wasu jami'o'i na neman ta har daga wanda da Ingilishi ya yi karatunsa tun daga firamare har digirin farko. Sai kuɗin da ake biyan kamfanonin da ke tantance takardun sakamako. Na yaba wa sassan kimiyyar ƙasa da yawa da suka daina neman jarrabawar GRE, ta shiga karatun gaba da digirin farko, tun wajen 2019 da 2020, bayan an yi ta nuna cewa ba ta faɗin wanda zai iya bincike, kuma wannan mataki da kansa hujja ce cewa kuna da ikon cire shinge idan kun ga dama. Hanya mai sauƙi ita ce sashe ya fara duba takardu kyauta, takardar bayanin kai da sakamakon da ɗalibi ya ɗauka a hoto da ɗan bayanin binciken da yake so, sannan waɗanda suka tsallake wannan mataki su biya kuɗi su kawo takardun hukuma. Wanda za a ƙi, a ƙi shi ba tare da ya ci bashi ba.

Shingen da ya fi wannan zurfi, wanda kuma ba ya bayyana a kowace takarda, shi ne yadda kuke auna abin da kuke kira gogewa a bincike. Ɗalibin da ya yi digirin farko a babbar jami'a mai wadata yakan zo da hutun bazara biyu da ya yi a ɗakin gwaje-gwaje, ya taɓa na'urar auna nauyin ƙwayoyin zarra, ya manna takardar bincikensa a babban taro, kuma takardar shaidarsa ta fito daga hannun wanda membobin kwamiti suka sani tun suna ɗalibai. Wanda ya fito daga jami'ar da ke da madubin duba yankan dutse guda biyu ga aji mai mutum tamanin ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake da shi shi ne littafin aikin fili wanda zufa da ƙura suka ɓata bangonsa, inda ya zana kowane tsauni da ya hau, ya rubuta karkatar shimfiɗun dutse da ya auna da kamfas, ya bambanta ma'adinai da ƙaramin gilashin hannu da ɗigon ruwan asid, ya kuma haɗa taswirar yanki guda da ƙafarsa. Wani kuma ya shafe shekaru yana bin motar haƙa rijiyar burtsatse, yana karanta yadda ƙasa ke tare wutar lantarki domin ya nuna inda ruwa yake, kuma idan ya yi kuskure mutanen gari ne za su tare shi da tambaya. Aiki da na'ura ana koyonsa cikin watanni. Idon da ke karanta dutse a fili, da haƙurin da ke sa mutum ya sake awo sau uku domin lambar ba ta kwanta masa ba, su ne ke ɗaukar shekaru, kuma su ne takardunku ba su da gurbin da za a rubuta su. Ina roƙon ku buɗe ƙofar da ɗalibi zai aiko da shafukan littafin filinsa da taswirarsa, ku kuma yi hira ta rabin sa'a da waɗanda takardunsu suka zo daga jami'o'in da ba ku sani ba, maimakon a ajiye su gefe saboda sunan jami'ar baƙo ne. Haka nan maki 65 cikin ɗari a wani tsarin na iya zama na ɗaya a aji, alhali a wani tsarin alamar rauni ce. Tambayar matsayin ɗalibi a cikin ajinsa ta fi juya makinsa zuwa ma'aunin da ba a yi dominsa ba.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan ne na fi ganin rashin fayyace gaskiya. Babban tallafin da Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ke ba ɗaliban bincike na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin kawai, don haka ɗalibin waje ya dogara ne kacokan ga kuɗin binciken malaminsa ko ga aikin taimakon koyarwa. A Birtaniya, tun shekarar karatu ta 2021/22 hukumar UKRI mai ba da kuɗin bincike ta yarda a ba ɗaliban waje har kashi 30 cikin ɗari na guraben da take ɗaukar nauyi, wanda ci gaba ne, sai dai kuɗin makarantar da take biya na ɗan gida ne, kuma giɓin da ke tsakaninsa da kuɗin baƙo ya rage ga jami'a ta yafe ko ta ɗora wa ɗalibi. A sauran Turai ma ƙofofin da a da suke buɗe sun ragu: Suwidin ta fara karɓar kuɗin makaranta daga 'yan wajen Turai a 2011, Finland a 2017, Norway a 2023, jihar Baden-Württemberg ta Jamus kuma tana karɓar yuro 1,500 a kowane zangon karatu tun 2017. Ba ku kuka kafa waɗannan dokoki ba, kuma ba na neman ku karya su. Abin da nake nema shi ne takardar ba da gurbi ta faɗi komai ɓaro-ɓaro: shekara nawa aka lamunce kuɗin, na wata tara ne ko na wata goma sha biyu, nawa ake cirewa na haraji da inshorar lafiya da ƙananan kuɗaɗen jami'a, nawa ne hayar ɗaki a garin, kuma me zai faru idan kuɗin binciken malami ya ƙare a shekara ta uku ko malamin ya koma wata jami'a. Ɗan ƙasa da alawus ɗinsa ya tsaya a watannin bazara zai nemi aiki a gari ko ya koma gidan iyayensa. Mai bizar F-1, wato bizar karatu ta Amurka, doka ta ƙayyade masa awa 20 a mako a cikin harabar jami'a lokacin karatu, kuma aiki a waje ba tare da izini ba na iya jawo masa kora daga ƙasar. Kalma ɗaya da aka bari a dunƙule a takarda, a wajen wannan ɗalibi wata uku ne na rashin abin biyan haya.

Akwai kuma kuɗin da ake kashewa kafin alawus na farko ya shigo, wanda na lura kwamitoci ba su cika lissafawa ba. Mai zuwa Amurka zai biya dala 350 na rajistar ɗaliban waje ta SEVIS da dala 185 na neman biza, ga tikitin jirgi, ga kuɗin ajiya na haya, sannan ya jira ƙarshen watan farko. Mai zuwa Birtaniya zai biya harajin kiwon lafiya na fam 776 a kowace shekara, kuma na duk tsawon bizar ake karɓa a dunƙule tun farko, wanda ga mai digiri na uku na shekara huɗu ya haura fam 3,000. Mai zuwa Jamus ba tare da cikakken tallafi ba sai ya nuna yuro 11,904 a asusun da aka kulle, bisa adadin da aka sa a 2024. Ɗalibi zai iya cin cikakken tallafi ya kasa zuwa saboda wannan. Sashen da ke da kuɗin sayen na'ura ta miliyoyi ba zai rasa abin da zai ba ɗalibai uku ko huɗu rancen sauka ba, a cire a hankali daga alawus ɗinsu, in ma ba a bayar kyauta ba.

Game da biza, na san hukuncin ba naku ba ne. Sashe na 214(b) na dokar shige da fice ta Amurka yana ɗaukar kowane mai nema a matsayin mai niyyar zama har sai ya gamsar da jami'i akasin haka, kuma wani rahoto da aka fitar a 2023 ya nuna fiye da rabin ɗaliban Afirka da suka nemi bizar karatu a 2022 an hana su. Amma jadawalin naku ne. Jami'o'in Amurka sun amince a tsakaninsu su ba ɗalibi har 15 ga Afrilu ya amsa tayin tallafi, sannan a fara shirya takardar I-20 da jami'a ke bayarwa domin neman biza, sannan ɗalibi ya nemi ranar ganawa a ofishin jakadancin da layinsa na iya kai watanni, alhali karatu na farawa a Agusta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fitar da takardun baƙi da wuri, kuma ku rubuta a fili cewa wanda biza ta makara ko aka hana shi a karo na farko za a ajiye masa gurbinsa da kuɗinsa har zango ko shekara mai zuwa. A fanninku matsalar biza ba ta ƙarewa da shigowa, domin karatunku na tafiye-tafiye ne. Ɗalibin da ƙasarsa ke samun bizar shiga sau ɗaya, idan ya fita aikin fili zuwa wata ƙasa, ko zuwa babban taron masana kimiyyar ƙasa na Turai da ake yi a Biyena ta Ostiriya kowace bazara, sai ya sake neman biza kafin ya dawo, kuma binciken tsaro na iya riƙe shi makonni ko watanni yayin da samfuransa ke jira a ɗakin gwaji. Yakan faru a shirya tafiyar aji zuwa ƙasar maƙwabta, a ce kowa ya kawo fasfo, ba tare da wani ya tuna cewa mutum biyu a ajin sai sun nemi izinin shiga tun wata biyu kafin nan ba. Ya kamata malamin da zai ɗauki ɗalibin waje ya zauna da shi a makon farko su duba fasfonsa tare da taswirar wuraren da binciken zai kai su.

Ga masu nazarin duniyoyin sama akwai ƙarin katanga. Dokokin Amurka na hana fitar da fasahar tsaro, waɗanda aka fi sani da ITAR, suna iya hana baƙo taɓa wasu na'urorin kumbo ko ganin zanensu ko da a cikin jami'arsa ne, kuma tun 2011 majalisar dokokin ƙasar ta taƙaita wa hukumar NASA yin aikin haɗin gwiwa kai tsaye da Sin. A Birtaniya, masu neman wasu fannoni kamar fiziks da ilimin taurari daga ƙasashe da yawa sai sun samu takardar izini ta ATAS kafin su nemi biza. Ba daidai ba ne ɗalibi ya zo da burin gina na'urar da za ta je duniyar Mars, sai bayan ya iso ya tarar akwai ɗakin da katinsa ba ya buɗewa. Ku faɗa masa tun a shafin talla, ku kuma nuna masa abin da yake buɗe, domin yana da yawa. Bayanan da kumbunan NASA suka tattaro suna nan kyauta a rumbun hukumar, hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, kuma samfuran da aka dawo da su daga sama, gram 5.4 da kumbon Hayabusa2 na Japan ya kawo a 2020 da gram 121.6 da kumbon OSIRIS-REx na NASA ya kawo a 2023, ana rarraba su ne ga masu bincike bisa neman izini. Hukumar NASA kanta ta dogara da masana da ɗaliban Senegal a 2018, lokacin da aka jera na'urorin hangen nesa a ƙasar domin auna inuwar wani dutse mai nisa da kumbon New Horizons zai wuce ta gefensa.

Abu na gaba shi ne abin da ɗalibi zai koma gida da shi. Idan duk shekarunsa biyar sun tafi a kan na'ura guda wadda babu irinta a ƙasarsa ko maƙwabtanta, to ranar da ya koma ya zama ƙwararre marar kayan aiki, kuma ba abin mamaki ba ne idan ya ƙi komawa. Ba ina cewa a tsare baƙo a kan matsalolin ƙasarsa ba ne. Wanda ya fito daga gaɓar Tafkin Chadi yana da haƙƙin ya yi nazarin ƙanƙarar Antaktika ko duwatsun wata idan can zuciyarsa ta karkata, kuma raini ne a ɗauka cewa ɗan Afirka sai maganar fari da ƙwararowar hamada. Amma ko wane fanni ya zaɓa, a haɗa masa da abin da ke tafiya a cikin jaka: sarrafa bayanan tauraron ɗan'adam, rubuta manhajar lissafi, tsara aikin fili, rubuta takardar neman kuɗin bincike. A bar masa damar shiga ɗakin karatu na intanet da lokacin amfani da na'ura na wasu shekaru bayan ya gama. Akwai misalan da ke aiki waɗanda za ku iya koyi da su. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da difloma ta shekara guda a fiziks na tsarin duniya, wadda ke shirya ɗaliban ƙasashe masu tasowa domin digiri na uku, tana kuma da tsarin da ke ba malaman da suka koma gida damar dawowa ziyarar bincike. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke ɗaukar nauyi, yana horar da ɗalibai a fannin sauyin yanayi a jami'o'in Afirka ta Yamma kansu. Digirin haɗin gwiwa, inda ɗalibi ke da malami a can da malami a nan, ya fi rahusa, kuma ba ya tumɓuke mutum daga inda ake buƙatarsa.

Maganar samfura ma ta shiga nan, domin ɗalibin waje ne sau da yawa ake turawa ya samo izini, ya yi tafinta, ya ɗauko buhunan duwatsu, sannan sunansa ya ƙare a sashen godiya. Burbushin dabbar da aka sa wa suna Ubirajara, wanda aka fitar daga Brazil zuwa Jamus, sai da aka janye maƙalar da ta bayyana shi aka kuma mayar da shi a 2023 bayan doguwar taƙaddama. A watan Yulin 2025 an yi gwanjon dutsen duniyar Mars mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa, mai nauyin kusan kilo 25, a birnin New York kan dala miliyan 5.3, a yankin Agadez aka tsince shi a 2023, kuma gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Sashen da ke mutunta kansa ya kamata ya rubuta ƙa'ida cewa ba a karɓar samfurin da ba shi da takardar izinin fita, cewa ana barin rabi a gidan ajiya na ƙasar da aka ɗauko shi, cewa ana mayar da kwafin bayanai ga hukumar binciken ƙasa ta can, kuma cewa ana tattauna jerin sunayen marubuta tun kafin a hau mota zuwa fili.

Ba zan ɓoye cewa a ɓangarenmu ma akwai gyara ba. Akwai jami'o'in da takardar sakamako ke shafe watanni kafin ta fito daga ofishinsu, akwai malaman da ke rubuta takardar shaida ta layi huɗu wadda ba ta faɗi komai game da ɗalibi ba, akwai gwamnatocin da ke tura ɗalibai da alƙawarin tallafi sannan kuɗin ya tsaya a hanya, kuma akwai hukumomin da ke riƙe bayanan ruwan sama da na rijiyoyi kamar sirrin soja. Waɗannan namu ne, kuma muna faɗarsu a inda ya kamata. Sai dai kwamitin da ya san da su zai iya karɓar sakamakon wucin gadi har na hukuma ya iso, ya kuma aiko wa malamai tambayoyi ƙayyadaddu maimakon ya bar su da farar takarda.

Yawancin sassanku suna rufe karɓar takardu ne a Disamba ko Janairu. Kafin zagaye mai zuwa ya buɗe, ina roƙon kowane shugaban sashe ya sa a ƙirga masa, daga shekaru biyar da suka wuce, mutum nawa suka fara cike takarda daga kowace ƙasa, nawa suka kammala, nawa aka ba gurbi, nawa suka iso, nawa suka gama digirin, sannan a buga sakamakon a shafin sashen tare da bayanin kuɗi da na biza da na dokokin tsaro da na ambata a sama, cikin harshen da mai nema zai fahimta ba tare da ya nemi lauya ba. Waɗannan alƙaluma suna cikin kwamfutocin ofisoshinku, kuma su ne za su nuna wa kowane sashe matakin da ya fi zubar masa da ɗalibai domin ya fara gyara daga nan.

Ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin kimiyyar ƙasa